Huɗuba a Wayar Kassimu

Ana gobe sunan ɗiyar ƙanwata Maryamu, babu ko mutum ɗaya a Sabon Birni da ya san sunan da mahaifinta yake so a raɗa mata. Maryamu ta zo gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, mijinta Nasiruddeen kuwa ya tafi Kamarawa ya taya mahaifinsa yankan gero. Yana can aka rufe layukan waya a duk yankinmu saboda 'yan bindiga, hanya kuma ta koma sai direbobin da suka saba, su ma sai sun yi ayari. An aika masa da labarin haihuwa da baki ta hannun masu cin kasuwar Isa, amma amsa ba ta dawo ba.

Baffansa, Malam Dalhatu, mai makaranta a bayan layinmu, shi ya yi wa jaririyar kiran sallah a kunne ranar da ta faɗo. Suna dai ya ƙi sawa. Ya ce wannan haƙƙin uba ne, zai jira har safiyar suna. Idan babu magana daga Kamarawa, to zai sa wanda Allah ya kawo bakinsa. Maryamu ba ta nuna ta damu ba, domin mai ɗan fari ba ta nunawa. Amma na lura duk lokacin da aka yi sallama a zaure, sai ta daina tauna abin da ke bakinta har ta ji muryar mai sallamar.

Ni kuwa a lokacin ina cikin irin zaman da mutum yake jin nauyin cin tuwon gidansu. Na gama karatun kwamfuta a jami'a, na dawo garin da aka kashe wa waya, kamar masunci ne aka kai shi tsakiyar tudu. Abin da ya rage mini na sana'ata biyu ne: tsohuwar kwamfutar cinya wadda ma'ajiyarta ta ciki ta mutu, batirinta ma ya bi ta, da kuma filash guda da na zuba wa Linux. Shi Linux tsarin tafiyar da kwamfuta ne da masu shi suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara yadda yake so. Nawa yana zaune ne gaba ɗaya a cikin filash ɗin. Duk kwamfutar da na soka wa shi sai ta farka, ko da kuwa cikinta fanko ne. Aibinsa ɗaya: ba ya riƙe komai. Da zarar wuta ta ɗauke, duk abin da aka ɗora masa ya tafi, sai ka ce rubutun allo da aka wanke.

Bayan azahar ina kwance a zaure ina kallon azara, sai na ji ƙarar mota ta tsaya da ƙarfi a ƙofar gida, aka kuma ɗaga murya.

"Ina bawana? Ina mai digirin kwana? Hito ka tari ubangidanka!"

Kassimu ne, ɗan kawuna, taubashina, direban da ke jigila tsakanin Isa da garinmu. Ya shigo da ƙura har gira, yana dariya.

"Bawa ka kiran bawa," na ce. "Mi ka kawo muna?"

"Nasiru na lahiya. Da idona nig gane shi tashar Isa, ya yi baƙi awa gindin tukunya. Ya ji labarin ɗiya, har da rawa. Kuma ya ba ni saƙon suna."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Daga cikin gida na ji an ajiye kwano a hankali.

"To mi as sunan?"

"Oho. Nic ce ya hwaɗa mini, yac ce bakin direba ko miyau bai riƙewa, balle sunan da ba a raɗa ba. Cikin waya yas sa shi."

Ya zaro wayar daga aljihu, 'yar ƙarama mai maɓallai, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ya yi baƙi ƙirin.

"Hanya ta ɗan yi muna ba daɗi, nit taka mota," in ji shi. "Tah hwaɗi ƙarƙashin birki. Tana da rai, ka ji tana ƙara in ka latsa. Ido ne babu."

Na juya ta, na buɗe bayanta. Katin memori cike yake da waƙoƙi, ya ce, don haka duk muryar da aka ɗauka cikin wayar kanta take zama. Bakin cajinta ya daɗe da lalacewa, cire batirin yake yi a caja masa daban, saboda haka babu zancen igiya. Tura saƙon zuwa wata waya kuwa sai mutum yana ganin inda yake latsawa.

"Bulutut ɗinta fa?" na tambaya.

"Kullum kunne yake. Da shi nike jin waƙa cikin mota."

Wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na daɗe ban ji ba. Irin waɗannan ƙananan wayoyi suna yarda kwamfuta ta shiga cikinsu ta bulutut, ta buɗe ma'ajiyarsu, ta ɗebo abin da take so, ba sai an tura daga wayar ba. Na taɓa gwadawa sau ɗaya a makaranta don wasa kawai. Na shiga ɗaki da gudu na suri kwamfuta da filash, na fito takalmina ƙafa ɗaya a hannu.

"Yi maza," Kassimu ya ce. "Ayari na tashi kahin la'asar, kuma ba su jiran kowa. Wayar ma da ita za ni koma, lambobin mutane na ciki."

Rumfar Zayyanu mai caji tana bakin tasha, ita kaɗai ce wurin da za ni sami wuta. Tun da aka rufe layi, wayoyi suka koma fitila da rediyo, amma cajinsu bai ragu ba. Sun yi jere a kan katako kamar kifi a tire, duk suna shan wutar sola guda. Zayyanu ya dubi kwamfutata, ya dubi inbatarsa da ke ɗan kuka a ƙarƙashin tebur, ya dubi hadarin da ya fara haɗowa daga gabas.

"Muzammilu, wagga abar taka ci gare ta awa baƙon azumi. Ga rana ta ɓoye. In tad ɗauke, ba ruwana."

"Sunan ɗiyar Maryamu na cikin wayar ga," na ce.

Ya cire wayoyi uku daga layi ya ba ni ramin.

Na soka filash a rami ɗaya tilo da ke aiki a jikin kwamfutar, na kunna. Rubutu ya yi ta gudu a kan baƙin gilashi, sannan fuskar tsarin ta bayyana. Na kunna bulutut na sa ta nemo na kusa da ita. Nan na ga abin da ban yi tsammani ba: sunaye suka yi ta zubowa, domin rabin wayoyin rumfar a kunne suke, tunda yanzu da bulutut ake musayar wa'azi da waƙa da hoto. Ga Ɗan Gobir, ga Ɗan Gobir Na Asali, ga Sai Haƙuri, ga Kowa Ya Bi, ga wasu da dama masu sunan kamfani iri ɗaya.

"Wane suna ka sa ma taka?"

Kassimu ya sosa ƙeya. Ya ce wani ne ya sa masa tun tuni, ya manta.

"To ɗauke ta ka tahi har gindin darbejiyar can. Wadda tab ɓace daga nan, ita ce."

Ya tafi yana gunguni, wayar a sama kamar mai neman sabis. Na sake nema. Suna ɗaya ya faɗi daga jerin. Ya dawo, sunan ya dawo. Na karanta shi da ƙarfi yadda duk rumfar za ta ji.

"Angon Sa'adiya!"

Rumfa ta kece da dariya. Zayyanu har da buga tebur.

"Wace Sa'adiya? Mai hura ta bakin asibiti? Ashe mantuwar ta gangan ce!"

"Ku ji da aikinku," in ji Kassimu, yana danne murmushi. "Kai kuma bawa, za ni sayar da kai Maraɗi."

Sai aka zo wurin haɗa wayar da kwamfuta. Kwamfuta za ta aika da roƙo, wayar ta nemi lambobi huɗu, a latsa, a amince, duk a makance. Karon farko muka yi ta latsawa babu abin da ya faru, ashe maɓallan a kulle suke. Kassimu ya buɗe su da babban yatsa, kamar yadda ya saba yi yana tuƙi. Karo na biyu na yi gaggawa, na ce ya latsa tun roƙon bai isa ba. A na uku muka yi shiru, muka kasa kunne, har wayar ta yi 'yar ƙara guda.

"Yanzu. Sihiri huɗu. Sannan na hagu."

Ya latsa. Wani ɗan akwati ya fito a gilashina yana cewa an haɗu. Na nemi shiga ma'ajiya, wayar ta sake ƙara, ya sake latsa na hagu, sai ga cikinta ya buɗe a gabana kamar an yaye labule. Na yi kabbara da ƙarfi har wani tsoho da ke jiran wayarsa ya amsa mini. Na buɗe wurin da ake ajiye muryoyi.

Murnata ta tsaya cak. Ba saƙo ɗaya ba ne. Sun fi ashirin, kowanne da lamba maimakon suna. Na duba ranakun da aka ɗauke su don in ware na yau, sai na tarar dukkansu ranar ɗaya ga Janairu ce, domin duk sa'ad da aka cire batiri agogon wayar komawa farko yake yi, lambobin ma ba a jere suke ba.

"Kassimu, mi an nan?"

"Saƙonnin mutane. Tun da anka kashe layi, kowa bakinai yake ba ni in kai. Na Isa, na Kamarawa, wasu na Tsamaye, wasu na mutanen Gatawa da ke zaune makarantar hiramare. In na iso in kunna ma mai shi ya ji."

Na sake duban jerin. A nan akwai gaisuwa, akwai ta'aziyya, wataƙila akwai maganar da mace ba za ta so kowa ya ji ba sai mijinta. Duk amana ce, kuma makanta ta rufe su gaba ɗaya, ba na Nasiru kaɗai ba. Ta yaya za ni nemi guda ba tare da na tsoma kunne a sauran ba?

"Kar ka damu," Kassimu ya ce. "Doka gare ni. Kowa sai ya hwara da sunan wanda za a kai ma, da garinsu, kahin ya ce komi. In ba haka ba rikicewa nike. Ka ji bakin kawai ka tsaya."

Na fara janyo su. Kowane fayil yana tafiya a hankali, wani koren layi yana rarrafe daga hagu zuwa dama, mu kuwa mun kewaye shi muna yi masa kirari kamar dokin sukuwa. Inbata ta ƙara kuka. Zayyanu ya sake cire wasu wayoyin. Da suka gama shigowa na sa iyafis, na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yatsana a kan maɓallin tsayarwa. Zuwa ga Hamza mai kanti, Sabon Birni. Tsaya. Zuwa ga Inna Maimunat ta Gatawa. Tsaya. Wani fayil ɗin babu sallama babu suna, sai kiran sallah can ƙasa-ƙasa da shuuu na iska. Na ce wayar ce ta ɗauki ladanin tasha tana cikin aljihu, na wuce. Zuwa ga Kamaluddeen, Tsamaye. Tsaya. Haka har na kai ƙarshe.

Babu zuwa ga Maryamu. Babu zuwa ga Malam Dalhatu.

Na sake bi daga farko. A waje motoci suka fara hon. Kassimu ya karɓi wayarsa, ya tsaya yana jujjuya ta.

"Wallahi Nasiru ya ɗauka. Ko bai latsa daidai ba?"

Aka ƙwala masa kira daga ayari. Ya dafa kafaɗata, wannan karon babu zolaya, ya ruga. Na bi shi har bakin mota, ban san me nake fata ba. Ya tayar, ya leƙo ta taga.

"Ni dai na gane shi. Bayan mota yaz zaga, yak kama wayar da hannu biyu, ya sa baki jikinta awa mai yi ma jariri raɗa. Ya daɗe. Ko kusa bai bari in zo ba."

Motar ta ja. Na tsaya a cikin ƙura, maganarsa tana juyawa a kaina. Awa mai yi ma jariri raɗa. Mutum irin Nasiru ba zai tsaya a tsakiyar tasha ya ambaci sunan matarsa ba, doka ko ba doka. Kuma saƙon ma ba ga matarsa ya fara ba. Ladani daga nesa muryarsa tana da amo, tana dukan bango ta dawo. Wancan kiran sallar babu amo a cikinsa, kuma abin da na ɗauka iska ce numfashin mutum ne a jikin waya.

Na koma rumfa da gudun da ban yi irinsa ba tun ina firamare. Inbata tana ƙara ba tsayawa, an fara yayyafi a kan kwano.

"Zayyanu, cire komi! Komi!"

Ya bi layi yana fizge igiyoyi, masu wayoyi suna ihu. Na buɗe fayil ɗin na ƙure murya. Allahu akbar, Allahu akbar, a hankali, da ɗan rawar murya, kuma ko a mafarki na san wannan muryar. Huɗuba ce uba yake yi wa ɗiyarsa daga Isa. Na tsayar kafin ya kai inda ba nawa ba.

Ramin kwamfutar ɗaya ne, filash na ciki, don haka fitar ma sai ta bulutut. Na haɗa ta da wayata na tura na Nasiru shi kaɗai tukuna. Koren layin ya rarrafa, ya tsaya a tsakiya kamar mai shawara, ya ci gaba. Wayata ta yi ƙara. Na tura sauran a dunƙule, muna ta salati ni da Zayyanu da tsohon nan, na ƙarshe yana sauka gilashin kwamfutar ya mutu. Na duba wayata. Suna nan, dukkansu. Zayyanu ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya ce in bar masa sunayen masu saƙo, zai aika a kira su.

Cikin ruwa na isa makarantar Malam Dalhatu, wayar a ƙunshe cikin hulata. Na durƙusa na yi masa bayani, numfashina yana sarƙewa. Ya saurara har na gama, sannan ya dubi iyafis ɗin da shakka.

"Huɗuba dai na riga na yi, kuma ta wadatar. Ƙarhe bai yin huɗuba. Amma in muryar Nasiru ce, maganar uba ce, za a bi ta. Kawo in ji."

Na sa masa a kunne na kunna. Ya runtse ido. Na ga leɓunansa suna bin kiran sallar, sannan ya gyaɗa kai sau biyu, ya ce, "Madalla. Madalla da wanga suna." Ya ci gaba da saurare. Can sai idanunsa suka buɗe, ya fizge iyafis ɗin kamar kunama ta harbe shi, ya yi gyaran murya mai tsawo.

"Allah gafarta Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. Sauran ba na kunnen baffa ba ne. Ɗauki ka kai cikin gida. Yaran zamani, ba su ko cewa ga inda magana ta canza."

Na iske Maryamu zaune a bakin gado ta ba jaririyar baya, Inna, mahaifiyarmu, tana gyara garwashi a kasko. Na ce saƙon Nasiru ne, na ɗiya ne da farko. Inna ta ɗauko jaririyar ta riƙe, na kusantar da iyafis ɗaya ga kunnenta na dama, na rage murya. Ɗayan ya sauka yana lilo a gefen gado. Inna ta ɗaga kai tana nazarin rufin ɗaki kamar yau ta fara ganinsa, ni ma na taya ta. Da na saci kallo, igiyar ɗayan iyafis ɗin ta miƙe, ta bi ta ƙarƙashin mayafin Maryamu. Har yanzu bayanta ta ba mu. Kafaɗunta ne kawai suka ɗan girgiza, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

"Yaya," ta ce da ya ƙare, ba ta juyo ba. "Ɗiyar ba ta ji da kyau ba. Sake mata."

Da safe aka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a. Malam Dalhatu ya sunkuya ya raɗa wa sanƙira, sanƙira ya miƙe ya cika unguwa da murya: ta ci suna Ihsan, bisa zaɓin mahaifinta Nasiruddeen na Kamarawa. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Ni ma a lokacin na fara jin sunan, tare da kowa.

Ana cikin hidima Inna ta yafito ni. Maryamu tana tsaye a bayan labule, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Abin nan naka, yana iya mayar da saƙo cikin wayar Kassimu in ya dawo?"

"Yana iyawa. Mi za ki ce mishi?"

"Ni? Ba ni da ta cewa. Ita dai ya kamata ya ji."

Na kai wayata kusa da Ihsan, amma barcinta take yi hankali kwance. Muka kira ta, muka taɓa tafin ƙafarta, ko motsi. Sai ga wanzami ya shigo tsakar gida ya shimfiɗa zabirarsa, Inna ta miƙa masa ita, ya jiƙa mata kai da ruwan sanyi ya ɗora aska. Ihsan ta buɗe baki ta tsala ihun da ya tashi kaji daga kan danga.

"Yaya!" Maryamu ta ce da ƙarfi, ta manta da surukai cike da gida. "Yanzu! Ɗauka!"